Yaya zan tsara ƙaramin falo ya ɗauki baƙi, karatun yara da kwana?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Muna haya a ciki da falo a nan Kano, kuma falon ƙafa 12 ne tsawo da faɗi. A nan muke karɓar baƙi, a nan muke cin abinci, a nan yara suke aikin makaranta da tilawa, idan kuma ƙanwar maigida ta zo hutu a nan take kwana. Setin kujerun da iyayena suka yi mini na kayan ɗaki ya cinye wurin, har ta kai sai an janye teburin tsakiya kafin a shimfiɗa darduma. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar, domin ba mu da halin canza gida a yanzu.

Kafinta daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙafa 12 kusan mita 3.6 ke nan, alhali kujera mai zaman mutum uku tana kai mita 2 a tsawo, kuma tana cin kusan santimita 90 daga bango. Idan aka jera kujeru a bango biyu masu kallon juna, rabin falon ya tafi tun kafin a shigo da teburi. Shawarata ita ce ki bar babbar kujerar kaɗai a jikin bangon da ba shi da ƙofa, sannan a yi miki benci mai akwati a ciki, wanda za a ɗora wa kushin a zauna da rana, da dare kuma a ɗaga murfin a ciro katifa mai naɗewa da filo da zanin gado. A yi shi da filawud mai kauri ko katako, domin allon MDF, wato wanda ake yi da garin katako da aka matse, yana kumbura idan ruwan goge-goge ya riƙa taɓa gindinsa. Teburin tsakiya kuma a musanya shi da mai ninkewa, yara su yi rubutu a kai, a gama a jingine shi bayan kujera. Tunda gidan haya ne, kada a huda bango sai da izinin mai gida. Kanta mai tsayawa da ƙafarta, siririya doguwa, za ta ɗauki talabijin da littattafai.

Hajiya Babba:
Malam ya yi magana ta sana'a, amma 'yata, kayan ɗaki ba abin da ake fitarwa a ɓoye ba ne, domin iyayenki sun sha wahala kafin su haɗa su, kuma ranar da dangi suka zo za su tambaya. Ki je ki sami mahaifiyarki ki yi mata bayani cikin ladabi, ki nemi ta ajiye miki ƙananan kujerun a wurinta har Allah Ya hore muku gida mai faɗi. Abin da nake so ki riƙe shi ne tsakiyar falon ta zauna fili a kowane lokaci. Mu da muka tashi a kan tabarma mun san cewa mata goma za su zauna a ƙasa su ci abinci cikin walwala a wurin da kujeru ba za su ɗauki shida ba. Tum-tum na fata guda biyu, irin waɗanda ake samu a Kasuwar Kurmi, sun ishi dattijon da ba ya son zaman ƙasa sosai. Kuma ki duba alƙibla, wadda a Kano take gabas ta ɗan karkata arewa, ki bar wannan sashen babu kaya kuma ba a kan hanyar wucewa ba.

Abban Sadik:
Ina ƙarawa da batun iska. Kada a sa wani abu da ya fi gindin taga tsawo a gabanta, in ba haka ba zafin watan Maris da Afrilu zai hana kowa zama. Kafet mai rufe ɗaki gaba ɗaya yana tara ƙurar hunturu, don haka ƙarami wanda za a fitar a kakkaɓe ya fi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan fara da zuwa wurin Umma kamar yadda Hajiya ta ce. Malam, bangon da ke ƙarƙashin tagar mita 1.5 ne, shin benci mai wannan tsawon zai ɗauki katifar idan an naɗe ta?