Neman shawara: za mu Sharm el-Sheikh da yaro mai shan nono, me zan ɗauka, me zan bari?

Maman Affan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah waɗanda suka saba fita waje da ƙananan yara ku taimaka min. Ƙarshen Disamba in sha Allahu za mu tafi hutu Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar, ni da Abban Affan da Affan ɗin. Daga Kano za mu tashi zuwa Alƙahira, mu sauya jirgi a can. Otal ɗin na bakin teku ne, irin wanda ci da sha duk suna cikin kuɗin ɗaki, kuma mako guda za mu yi. Affan zai cika shekara biyu muna can, dab da dawowarmu. Har yanzu yana shan nono da dare, abinci kuwa in ba kunun gyada ko shinkafa da wake ba sai an yi dambe da shi. Na fara haɗa kaya, akwati guda ya cika da nasa kaɗai, famfas ya cinye rabi, ban ma sa magunguna ba. Hajiyarsu Abban Affan ta ce in yaye shi in bar mata shi, wai me yaro zai gane a teku. Ni kuma hankalina bai kwanta da barinsa ba. Me zan ɗauka, me zan bari? Kuma in yaye shi kafin tafiyar ko in ƙyale shi?

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ajiye maganar akwati tukuna, ɗauko tikitin Affan ki duba. Yaron da bai kai shekara biyu ba ne ake yanka masa tikitin jariri, a cinya yake zama, kuɗinsa ma ɗan kaɗan ne. Ranar da ya cika biyu kuwa sai da kujerarsa. Tunda zai cika kuna can, dawowarku ba jariri ba ne a wurin kamfanin jirgi, kuma ranar haihuwarsa na rubuce a fasfo, ba a roƙo a wannan. Yau ɗin nan Abban Affan ya kira wanda ya yanka muku tikitin a gyara, kada sai kun zo gaban kanta a filin jirgin Sharm a ce ku sayi kujera a farashin ranar, in ma akwai ta.

Maman Affan:
Innalillahi! Na duba, na jariri ne zuwa da dawowa. Allah ya saka da alheri Ummu Hanan, yanzu na tura wa Abbansa.

Anti Nas:
Ƙanwata, ni ta ɓangaren aikina zan ba ki. Takardu farko. Fasfonsa daban, bizarsa daban, a tabbata fasfo ɗin kowannenku yana da sauran aƙalla wata 6. Sai katin rigakafin cutar shawara, yalo kad ɗin nan. Masar na neman sa daga masu zuwa daga Najeriya, har yara daga wata 9. Allurar da aka yi masa a asibiti yana wata 9 ita ce, amma katin awo ba shi ne na tafiya ba, jami'an lafiya na filin jirgi ne ke bayar da na tafiyar. Ku je da wuri, ki tafi da katin awon ya zama shaida. Ki haɗa da takardar haihuwarsa, ki ɗauki hoton komai a waya.

Magani kada ki kwashi kyamis. Farasitamol na ruwa da sirinjin awonsa, ma'aunin zafin jiki, ORS da zink, man gogewar famfas, filasta. Gudawa ita ce abin da ya fi kama yara a irin otal ɗin nan. Da ta fara ki haɗa ORS da ruwan gora yadda aka rubuta a jikin ledar, zink kuma ga mai shekarunsa miligiram 20 ne kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da ta tsaya. In ya daina fitsari, ko idonsa ya faɗa, ko kin ga jini, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ki sa masu otal su kira likita nan take.

Abin da mutanenmu ke mantawa shi ne zazzaɓin cizon sauro. Sharm ba ta da shi, amma yaro na iya tafiya da shi a jikinsa daga Kano ya tashi masa a can. In jikinsa ya yi zafi, faɗa wa likita da bakinki cewa daga Najeriya kuke, a yi masa gwajin maleriya, don ba abin da suke gani kullum ba ne. Kowane magani ki bar shi a kwalinsa. Tiramadol da duk wani mai kodin kada su shiga jakarku, ko saƙon wani ne, Masar na ɗaure mutane a kansu.

Maman Khalifa:
Gaskiya ni ina bayan Hajiya. Hutu fa aka ce. Mun kai namu irin wannan wuri yana fara gudu, wallahi ban ci abinci da zafinsa ba har muka dawo, ni ce bin sa tsakanin tebura, babansa na can yana ɗaukar hoton kifi. Ɗakin wasan yara da suke tallatawa ma yawanci sai daga shekara 4 suke karɓa, ƙasa da haka sai uwa ta zauna a ciki. Kuma ba abin da zai tuna. Ki bar shi wurin kakarsa ku huta.

Hajiya Mama:
Maman Khalifa, ba a rasa gaskiya a maganarki, amma da sake. 'Yata, yaye da tafiya ba a haɗa su. A cire wa yaro nono, a wayi gari kuma babu uwar babu uban, wannan ya yi masa yawa, ke ma can za ki je ƙirji ya cika miki kina kuka a ɗakin otal. In yaye za a yi, ko dai tun watanni baya ya saba, ko bayan kun dawo. Yanzu lokaci ya ƙure, ki tafi da abinki. Nonon nan ma shi zai cece ki. Jirgi in zai tashi, musamman in zai sauka, kunnen yaro na toshewa ya yi ta tsala ihu, da kin sa masa nono yana haɗiya sai ya buɗe. Ranar da ya ƙi abincinsu ko cikinsa ya ɓaci, kina da abin ba shi. Ita kuma Hajiyarku kada ki yi musu da ita, ɗanta ya je ya lallaɓa ta, a ce mata da an dawo ita za a kawo wa yayen. Zanen goyo biyu kada ki bari a gida don kin ga za a ƙasar waje. Ki riƙa tofa masa addu'a safe da yamma.

Maman Khalifa:
Shi ke nan Hajiya Mama, na janye. Amma a yi yarjejeniya da Abban Affan tun daga gida, rainon nan raba shi za a yi.

'Yar Alƙahira:
Anti, a can nake karatu, bari in rage miki akwatin. Famfas, tishun goge yara, madara, sabulu, duk akwai su a Masar, a manyan kantuna da kyamis na Sharm. Ki ɗauki na kwana biyu zuwa uku, sauran ku saya a gari, ban da shagon cikin otal, tsadarsa ba a magana. Wanda zan ce ki taho da shi shi ne famfas na shiga ruwa, na kullum kumbura yake ya yi nauyi, kuma otal da yawa ba sa barin yaro ya shiga da shi. Buta ma bar ta, kusan kowane banɗaki a Masar da abin tsarkinsa.

Kada sunan teku ya ruɗe ki ki cika kayan shan iska. Disamba sanyi ne a can. Da rana akwai daɗi, maki ashirin da 'yan kai, amma kafin biyar na yamma rana ta faɗi, iska ta taso. Ki sa masa rigar sanyi biyu, dogayen wanduna, safa da hula. Alƙahira ta fi Sharm sanyi, don haka ɗaya ta kasance a jakar hannu. Ku rubuta wa otal ɗin ku tambaya ko suna ɗumama ruwan wurin ninƙayar yara a hunturu, in ba sa yi, ko minti biyar ba zai yi a ciki ba. Ku tambayi unguwar da yake: wajen Nabq iska ta fi yawa, Naama Bay ta fi lafawa kuma bakin ruwanta yashi ne. Wurare da yawa dutsen murjani ne tun daga gaɓa, sai an bi ta kan gadar katako ake shiga ruwa mai zurfi, wannan ba na Affan ba ne. Ki saya masa takalmin roba mai rufe ƙafa.

Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, namu mai uku ba ya shiga, ki zo da adafta. Agogonsu a hunturu awa ɗaya ya fi namu, barcinsa ba zai rikice ba. Ruwan famfo kada ya sha, ko brush da na gora za ki yi masa. Ku riƙe canjin fam ɗin Masar ƙanana saboda masu ɗaukar kaya da masu gyaran ɗaki. Wata yammar ku je Tsohuwar Kasuwa ku ga Masallacin Sahabbai, a nan keken tura yaro zai yi miki rana.

Ummu Hanan:
Na dawo kan jakar hannu, don akwati na iya kwana a Alƙahira ku kuna Sharm. Kano zuwa Alƙahira ya haura awa huɗu, ga jiran sauyin jirgi, ga kusan awa guda zuwa Sharm. Ki sa famfas fiye da lissafinki, kayansa kala uku, ke ma doguwar riga da mayafi na canji, don in ya yi amai a jikinki zai yi. Ledoji na ƙulle ɓatattun kaya, biskit, dabino da aka cire wa ƙwallo, kofinsa da ya saba da shi, duk magungunan da Anti Nas ta lissafa. Dokar filin jirgi da ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 a jakar hannu tana da sassauci ga madara da abincin yaro, ki fito da su daban ki nuna a wurin bincike. Keke mai naɗewa ana barin ki da shi har ƙofar jirgi. Sabon abin wasa ƙarami, marar ƙara, ki ɓoye shi sai rigima ta fara. Ɗaki kuma galibi sai wajen biyu na rana ake bayarwa, in kun isa da safe kayan da zai sa su kasance a sama.

Maman 'Yan Biyu:
Duk abin da aka faɗa a sama kuɗi na gyara shi, ban da ruwa. A gabana, a wani otal, yarinya kamar Affan ta zame a wurin wankan yara, ruwan da bai wuce gwiwata ba. Fuskarta na ciki, ba ihu, ba fantsama, ƙafafunta kawai ke motsi. Uwar na gyara tawul a bayanta, uban na waya, kowa ya ɗauka ɗayan na kallo. Wata baƙuwa ce ta cafko ta da rigarta. Allah ya kiyaye, amma har yau in na tuna jikina sanyi yake. Ki ce wa Abban Affan da baki, "yanzu yana hannunka," ya amsa, sannan ki juya. Mai gadin ruwa ba ɗan raino ba ne, robar hannu mai iska kuma wasa ce, ba ta hana nutsewa. Yana ruwa, hannunki na kai wa gare shi. Kayan wankansa su zama masu launi mai haske, ja ko ruwan lemo, ba shuɗi ba. Ku roƙi ɗakin ƙasa da gadon yara tun kafin ku je. In sama aka ba ku, ƙofar baranda a kulle, kujerun wurin a shigo da su ciki.

Maman Affan:
Subhanallah, Allah ya tsare mana. Na karanta wa Abbansa wannan. Saura abinci, in tafi da garin kunu? Sannan ni da me zan shiga ruwa, ko zama zan yi da hijabina a gefe?

Maman Khalifa:
Tafi da garin kununki da markaɗaɗɗiyar gyada, a roba mai murfi, a naɗe da leda, a rubuta abin da ke ciki, cikin babban akwati. Yawancin ɗakuna da butar lantarki, ki tafasa ruwan gora ki dama, ƙaramin filas ya riƙe miki shi har rana. Kilishi da dambun nama bar su, nama ne ake yawan ƙwacewa a filin jirgi. Wurin cin abincinsu ba a rasa farar shinkafa, dafaffen ƙwai, taliya, ayaba da yogot, da safe kuma akwai wakensu da ake dafawa ya yi laushi, mai son shinkafa da wake zai iya karɓa. Ki ɗebo masa abin da aka sauke yanzu yana tururi, ban da salak da ƙanƙara. Ku riƙa zuwa da an buɗe, kafin cunkoso, kafin barci ya fara cin idonsa. Man kariyar rana na yara ki shafa masa duk da sanyin, fatarmu ma tana ƙonewa, ga hular malafa.

'Yar Alƙahira:
Ba zama za ki yi ba Anti. Akwai kayan ninƙaya masu rufe jiki har da kai, burkini, matan Masar da yawa da shi suke shiga. Sai dai wasu otal suna hana shi a wurin ninƙayarsu, don haka ki haɗa da wannan a saƙon da za ku tura musu, su amsa a rubuce ki ajiye a waya. Ki sayi na ainihin yadin ruwa, in auduga ne ko doguwar riga za su ce ki fito, kuma nauyi take in ta jiƙe, ba za ki iya cafko yaro da sauri ba. Guda biyu in da hali, a hunturu ɗaya ba ya bushewa kafin gobe.

Maman Affan:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. An gyara tikitin, an saya masa kujerar dawowa. Otal ɗin sun amsa cewa suna ɗumama wurin yara kuma za su sa gado, maganar burkini ce ba su ce komai ba, na sake tura musu. Anti Nas, yalo kad ɗin in ba mu samu zuwa ba sai makon tafiya, zai yi?

Anti Nas:
Na Affan zai yi tunda an yi masa allurar tuni. Ke da Abbansa ne abin dubawa: in yanzu za a yi wa ɗayanku, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da allurar. Ku je cikin makon nan.