Maki 90 Amma Ba a Hau Firimiya Ba: Adalci Ne Wasan Cike Gurbi?

Ɗanlami: Jama'a, ni dai har yau abin da ya samu Sheffield United a kakar 2024/25 yana ci mini rai. Wasa 46 suka buga a Championship, gasar da ke ƙasa da Firimiya a Ingila, suka gama na uku da maki 90, duk da an zaftare musu maki 2. Sunderland ta huɗu, maki 76. Tazarar maki 14, amma Sunderland ce ta hau Firimiya, bayan ta doke su a wasan ƙarshe na cike gurbi a filin Wembley. Wannan tsari zalunci ne.

Malam Sabo: Ɗanlami, a yi hattara da kalmar zalunci. Kowa ya san dokar wannan kakar tun watan Agusta: ta ɗaya da ta biyu su wuce kai tsaye, ta uku zuwa ta shida su fafata a wasan cike gurbi don gurbi ɗaya da ya rage. Leeds da Burnley kowacce ta tara maki 100. Mai gudun Wembley sai ya yi irin aikinsu.

Ɗanlami: Malam, sanin doka ai ba ya gyara ta. Sunderland fa ta sha kashi a wasanninta biyar na ƙarshe a jere kafin cike gurbi.

Hauwa'u: Yaya Ɗanlami, ka kalli wasan Wembley kuwa? Sheffield ce ta fara ci ta ƙafar Campbell. Mayenda ya farke wa Sunderland, sannan a minti na 95 Kieffer Moore na Sheffield ya ba da ƙwallo ba daidai ba, ta faɗa ƙafar Tommy Watson na Sunderland, yaro ɗan shekara 19, ya lallaɓa ta can kusurwar raga. Da ƙafarsu suka bayar.

Ɗanlami: To ƙwallon Burrows na Sheffield da VAR ta soke fa, ƙanwata? Duk kakar babu VAR a gasar, sai a wasan Wembley aka kawo ta. Da ta zama 2-0, magana ta ƙare.

Baffa Isa: A nan Ɗanlami yana da gaskiya. Amma ku duba ta wani ɓangaren. In babu cike gurbi, ƙungiyar da ke ta tara ko ta goma a watan Maris me za ta yi wa gumi? Rabin tebur sai ya kwanta barci, 'yan kallo su daina zuwa fili. Bristol City da Coventry sai ranar ƙarshe suka tabbatar da shiga wasan cike gurbi.

Malam Sabo: Haka ne, Baffa. Luton ma ta wannan ƙofa ta hau a 2023.

Ɗanlami: Ta hau, ta faɗo a 2024, ta sake gangarawa League One a 2025. Kuma ni ban ce a soke ba. A yi kamar Serie B ta Italiya: idan ta uku ta yi wa ta huɗu fintinkau da tazara mai yawa, sai ta wuce ba tare da ƙarin wasa ba.

Hauwa'u: Wannan zan yarda da shi, Yaya. Amma Luton ba hujja ba ce, don Burnley da Sheffield da suka hau kai tsaye a 2023 tare suka faɗo da ita.

Baffa Isa: To sai mu tsayar da adadi. Ni na ce maki 10. Malam Sabo, kai fa?