Laftof ta ƙi tashi, kuma aikina na cikinta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya laftof ɗina tana cikin sabunta Windows 10 aka ɗauke wuta, ga batirinta ya daɗe da mutuwa, tun daga nan duk lokacin da na kunna ta sai ta rubuta "Preparing Automatic Repair", ta mutu, ta sake tashi ta koma wurin. Mai gyara ya ce sai dai a yi fomatin a sa sabon Windows, alhali kuwa babi huɗu na kundin digirina da hotunan sunan ɗiyata duk suna cikinta, kuma ban kwafe su ko'ina ba. Ina neman shawararku.

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a taɓa fomatin tukuna, domin mai yiwuwa Windows ne kaɗai ya lalace, fayilolinka suna nan daram. Ka nemi filash, ka sa masa Ubuntu (wani tsarin sarrafa kwamfuta ne kamar Windows, wanda ke iya tashi daga filash) a wata kwamfutar, ka kunna taka da shi ta hanyar danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce, sannan ka zaɓi "Try Ubuntu". Zai buɗe maka faifan ajiyar cikin kwamfutar ba tare da ya rubuta komai a kansa ba, sai ka shiga babban fayil ɗin Users ka kwashe abin da ke Desktop da Documents zuwa wani faifan na waje. Ka buɗe kundin a wata kwamfutar ka ga babi-babinsa da idonka kafin ka yi gaba.

Amsa ta biyu: Na goyi bayan ɗan'uwa, sai dai idan BitLocker, wato makullin sirrin da Windows ke sa wa faifai, ya kulle faifan, Ubuntu ba zai nuna komai ba sai da mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda galibi ake samu a asusunka na Microsoft. Kuma ka kasa kunne: idan faifan yana wata 'yar ƙara "ƙas-ƙas", kashe ta nan take, domin ciwon na faifan ne.

Amsa ta uku: Bayan ka kwashe kayanka, ka fara gwada "Reset this PC" ka zaɓi "Keep my files", wanda zai bar fayilolinka amma ya cire manhajojin da ka sa. Idan ya ƙi, ka yi amfani da Media Creation Tool, manhajar Microsoft ta ɗora Windows a filash, ka shirya filash mai gigabait 8, ka sa Windows a kan ɓangaren faifan da tsohon Windows yake tun farko ba tare da ka goge shi ba, tsofaffin fayilolin za su koma cikin wani babban fayil mai suna Windows.old, wanda bai kamata ka dogara da shi ba domin Windows yakan share shi bayan 'yan kwanaki. Ka kuma tuna cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka ka duba ko injin zai ɗauki Windows 11.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Faifan ba ya ƙara, kuma na riga na aro filash daga maƙwabcina.