Muhawara: ƙwaron da ke ƙona fata a Kubwa ta Abuja, baƙo ne ko ɗan gida?

Alhaji: Assalamu alaikum, jama'a. Tun da damina ta yi nisa, yara uku a layinmu sun wayi gari da ƙuna a wuya da fuska, kamar an ɗiga musu ruwan batir. An ce aikin siririn ƙwaron nan ne mai ja da baƙi, wanda ake kira ƙudan Nairobi. Ni a ganina baƙo ne da aka shigo da shi cikin kaya daga Kenya, domin sunansa ya nuna asalinsa, kuma shekarata ashirin a Kubwa ban san shi ba sai kwanan nan.

Malam: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ba yaran lafiya. Sunan nan ya ɓatar da mutane, domin ƙwaron ba ƙuda ba ne, ya fi kusa da buzuzu. Masana sun sanya shi cikin dangin Staphylinidae, wanda aka tantance masa nau'i fiye da 60,000, kuma ana gane su da gajerun fukafukan sama masu tauri da ba su rufe ciki ba, fukafukan tashi na naɗe a ƙarƙashinsu, abin da ya sa ake ɗaukarsa tururuwa. Jinsin da ya dame mu Paederus ne, sunan da masanin ƙwari Fabricius ɗan ƙasar Denmark ya raɗa masa a 1775. Yana da nau'i fiye da 600 a kowace nahiya in ban da Antaktika, amma sun fi yawa a ƙasashe masu zafi da danshi.

Alhaji: Malam, na yarda ba ƙuda ba ne, amma kasancewarsa a nahiyoyi da yawa bai hana namu ya zama na Kenya ba.

Malam: Gaskiya ne, shi ya sa zan kawo shekaru. Annobar da ta yayata sunan Nairobi a duniya ta biyo bayan ruwan sama mai yawa na 1997 zuwa 1998 a gabashin Afirka, alhali likitoci sun riga sun rubuta rahoton ɓarkewar irin wannan ƙuna a kudancin Najeriya tun 1990. Nau'in Paederus sabaeus yana gabashin Afirka, yana kuma yammacinta. Mazauninsa fadama ne da bakin rafi da gonar shinkafa, kuma hasken lantarki yana janyo shi da dare. Mu ne muka matso da gidaje da fitilu zuwa gaɓar kogin Usuma.

Hajiya: Malam, a garinmu mun san hangara, wadda ke cin furen wake da gero, ita ma tana tayar da bororo a fata. Anya ba ita ba ce aka sauya wa suna?

Sista: Hajiya, ba ɗaya ba ne. Hangara dangin Meloidae ce, ta fi girma nesa ba kusa ba, kuma dafinta daban ne. Shi kuwa Paederus tsawonsa bai cika wuce santimita 1 ba, ba ya cizo, ba ya harbi. Dafinsa, pederin, yana cikin ruwan jikinsa, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin matan ƙwaron ne ke samar da shi. Sai an murƙushe shi a fata yake illa, ƙunar kuma takan fito bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da yaro ya manta da abin da ya mara a wuyansa. In ya sauka a jiki, a hure shi a hankali, a wanke wurin da sabulu, kada hannun ya taɓa ido.

Alhaji: To ko ɗan gida ne, ni ina goyon bayan a haɗa kuɗi a yi feshi har bakin kogi.

Malam: A nan ba zan bi ka ba, Alhaji. Ƙwaron mafarauci ne, yana cin ƙananan ƙwarin da ke tsotse shinkafa, kuma maganin feshin a kogi zai ƙare. Raga a taga da kashe fitilar baranda sun fi araha.

Hajiya: Kashe fitilar waje a unguwar da ɓarayi suke shiga ba ƙaramar magana ba ce, Malam. A sa ta cikin ajandar taron ranar Asabar.