Neman shawara: na gama faifan kiɗan gargajiya, Baba ya saurara yace ba wanda zai yi noma da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo don abin yana cina a rai, kwana huɗu kenan ko barcin kirki bana yi.

Ni ɗan gidan kiɗa ne, mahaifina makaɗin noma ne, ganga ya gada wajen kakanmu, tun ina ƙarami nake binsa gayya ina riƙe masa kazagi. Na zo Kano karatu na zauna, na ɗan koyi aikin situdiyo. Shekara biyu da suka wuce na ƙudura zan yi faifai wanda babu fiyano ko kaɗan a ciki, kuma Allah ya cika min, waƙa 11 ce minti 74, na jera su yadda shekarar manomi ke tafiya, daga sharar gona, ruwan shuka, noman firi, maimai, huɗa, har girbi da sussuka da daka, a rufe da kaka lokacin biki da dambe. Akwai gangar noma, kalangu, kukuma, gurmi, sarewa, algaita a waƙa ɗaya, sai shantu da luguden turmi na gaske da na je na ɗauka a tsakar gidan gwaggona. Yaran Baba ne suka buga min gangunan, ɗaya bayan ɗaya nake kawo su Kano in ɗauki kowa shi kaɗai sannan in haɗa a kwamfuta. Har babur ɗina na sayar a kan aikin nan.

To kafin in saki sai nace bari mutane kaɗan su fara ji. Abokaina sun ce aiki yayi kyau amma yayi tsawo, musamman waƙar huɗa da ta kai minti 19, ina kallonsu kafin a kai rabi kowa ya ciro waya. Mai situdiyon da nake aiki wajensa yace in sa fiyano a ƙasa, a gyara muryar da na'ura, a yanke kowace ta dawo minti uku ko huɗu don ta shiga TikTok. Ƙanwata tace ita a wayarta bata jin gangar sam, murya da sarewa kawai ke fitowa. Inna kuwa da aka zo waƙar daka shiru tayi, tace a maimaita, sau uku ana maimaitawa, daga baya tace yayarta mai rasuwa ta tuna.

Sai Baba. Yana kan tabarma ya saurara daga farko har ƙarshe bai ce komai ba, da ta ƙare yace Allah ya yi albarka, muryarka ta fito, amma wannan kiɗan ba wanda zai yi noma da shi. Ya ƙara da cewa wa yace maka ana kai algaita gona. Daga nan ya tashi alwala, na kasa sake tambayarsa.

Yanzu in saki haka ne bayan sallah yadda na tsara, ko in bi maganar mai situdiyo, ko in sake ɗauka alhali kuɗin sun ƙare? Kuma dan Allah wanda ya gane me Baba yake nufi ya fahimtar da ni.

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Ƙanena tambaya ɗaya kafin komai, da kake ɗaukar masu gangar, ka sa musu abin kunne mai wannan ƙas-ƙas ɗin na auna bugu?

Mai tambaya:
Eh yaya na sa, in ba haka ba ai ba zasu hau kan juna ba wajen haɗawa.

Baban Walida:
To nan gizo ke saƙar, kuma abin da Baba ya ji kenan, ni shekarata 16 ina aikin sauti. Kai da ka taso a gayya ka fini sani, mai gangar noma idonsa na kan manomi ne, in zai ɗaga garma kiɗan ya ɗaga shi, in ya fara sanyi a sassauta masa a kira sunan ubansa da kakansa, in an kusa bakin kunya kuma a matsa wuta har ya ƙarasa da gudu. Wato kiɗan yana numfashi tare da mai aikin. Kai kuma ka ɗaure shi da awo ɗaya tun daga farko har minti na 19, ba hawa ba sauka, shi yasa abokanka suka ciro waya, ba tsawon bane ya gajiyar da su, rashin motsin ne. Na biyu, 'yan amshi da mai waƙa suna cin bakin juna, kafin ya rufe baki sun karɓe, in kowa ya shiga ɗaki shi kaɗai wannan zafin ya tafi.

Maganar fiyano da gyaran murya kuma kar ka soma. Kukuma bata da gaɓoɓi kamar jita, yatsa ne ke zamewa kan izgar, akwai muryoyin da take bayarwa da suke faɗowa tsakanin maɓallan fiyano, na'ura zata ɗauka kuskure ne ta ja su ta miƙe. Kalangu ma haka, matsa tsarkiyarsa ake a hammata ya bi karin magana, sama da ƙasa da faɗau, shi yasa muke jin abin da yake faɗa. Ka miƙe shi ka rufe masa baki.

Shawarata waƙoƙin gona kawai zaka sake, a tara kowa waje ɗaya a fili, makirfo uku ko huɗu sun isa, a cire abin kunnen.

Maman Sultan:
Ni ba ma'aikaciyar sauti bace, mai sauraro ce kawai, amma kar ka raina maganar ƙanwarka. Mu yawancinmu a waya muke ji, wasu ma ƙaramar waya da memori, a je wajen masu turi a kasuwa a zuba. In ganga bata fita a nan to bata fita ba kenan. Kuma waƙar dakan nan dan Allah kar ka taɓa ta, waƙar da ta sa uwa tace a maimaita sau uku ta gama aikinta. Ka lura ita ce ka ɗauka a tsakar gida, matan suna ganin juna suna jefa taɓarya.

Ɗan Ƙaura:
Wanga yaro Allah shi yi ma albarka da kat tuna da gadon gidanku. Batun algaita tsohonka na da gaskiya. Kowane kiɗi da wurinai, algaita da kakaki da tambari na sarauta na, kotso da taushi na makaɗan fada, kalangu asalinai na mahauta da 'yan dambe kahin ya zama na kowa, garaya ta maharba, shantu na mata cikin ɗaki. Tsoho in ya ji algaita zuciyatai ƙofar fada ta ka zuwa, kai ko ka aje shi bakin kunya. Ba wai an hana a gauraya ba, Musa Ɗankwairo ma gidan kiɗin noma yat tashi kahin ya koma kotso da waƙar sarakuna, amma shi ya san inda kowane ka zama. In kana son algaitar ka maishe ta waƙar kaka, inda an ka kai dame gidan hakimi, nan ta samu dalili.

Abba Fagge:
Ni fa zan faɗi abin da wasu ba zasu so ba. Mutumin nan ya sayar da babur ɗinsa, kuna ce masa ya sake kashe kuɗi. Waye zai zauna yau ya ji waƙar minti 19? Yaran yanzu in sakan goma sha biyar na farko bai kama su ba sun wuce. Mai situdiyo kasuwa ya sani, ba ƙiyayya yake masa ba. Ka saki abinka ka ga ko zaka maida wani abu, faifai na biyu sai ka gyara.

Malam na Zariya:
Abba maganarka ta kuɗi gaskiya ce, amma ta tsawo ban yarda ba. Mamman Shata ya rasu tun 1999, har gobe shiga motar haya daga Zariya zuwa Funtuwa ka ji direba ya saka waƙarsa guda ta cinye tafiya mai nisa ba wanda yace a canza, lokacin kaset fuska ɗaya minti 30 ce kuma akwai waƙoƙin da su kaɗai suke kusan cika ta. Kalangai ne da amshi kawai, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta bashi digirin girmamawa. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya zaga ƙasashe. Barmani Choge ƙwarya ce da mata. Mutanenmu basu taɓa gudun doguwar waƙa ba in tana tafiya da su.

Sannan ɗana ina so ka rarrabe masu sauraron nan naka, don ba abu ɗaya suka auna ba. Abokanka kunnensu ya saba da fiyano shekara da shekaru, jin farko ba zai gaya maka komai a kansu ba, ka basu mako biyu ka ga ko akwai wanda zai dawo yana rera wani baiti. Mahaifinka kuwa jin farkonsa shi ne hukunci, don shi ya san abin da ake nema a kiɗan, kuma lura bai ce waƙar bata da daɗi ba, bai kushe baitukanka ba, aikin kiɗan yace bai yi ba. Tsofaffinmu basa doguwar magana a irin wannan, in ya ga ka dawo da tambaya zai buɗe maka.

'Yar Maraɗi:
Sannu da ƙoƙari ɗan uwa. Batun ɗauka a fili ba ƙauyanci bane, 'yan ƙungiyar mawaƙan Tinariwen ta Mali sun bar situdiyo sun tafi cikin hamada wajen Janet a kudancin Aljeriya suka ɗauki faifansu a tanti, kuma shi ya ciyo musu lambar yabon waƙa ta Grammy a 2012. Mu nan Nijar har gasa aka sa wa sunan makaɗin gargajiya Ɗan Gurmu na Tawa saboda girmama shi. In ka gama ka turo ma gidajen rediyon Maraɗi da Damagaram, manoma na saurare sosai da damina, kuma su ba ruwansu da minti nawa ne.

Abba Fagge:
Na ji, amma ko a haka ne ya ciri guntaye na sakan talatin daga inda kiɗan yafi zafi ya zuba a TikTok da status, cikakkiyar kuma ta zauna a YouTube da Audiomack. Wannan bai taɓa waƙar ba ai.

Baban Walida:
Wannan kam na yarda Abba, yanka talla daban, yanka waƙa daban. Maganar Maman Sultan ma tana da magani ba sai an sake ɗauka ba. Lasifikar waya bata iya fitar da ƙasan sauti, to gangar noma kuma can ƙasa take, sai ka ɗaga tsakiyarta inda gula ke dukan fata yadda ko ƙugin bai fito ba za a ji bugun. In ka gama haɗawa kar ka yanke hukunci da manyan lasifikan situdiyo, tura a ƙaramar waya ka fita bakin titi ka ji.

Hajiya Babba:
Ni abu ɗaya ne ban ji an taɓo ba. Matan da suka yi maka lugude da waƙar daka, da yaran mahaifinka, ka rubuta sunan kowa a jikin aikin kuma ku yi magana a fili tun yanzu kan abin da kowa zai samu in Allah ya kawo kuɗi, ko a takarda ɗaya ce kowa ya sa hannu. Waƙar daka ba kai ka ƙirƙire ta ba, ta iyayenmu ce, ka rubuta cewa ta gargajiya ce kai ka tsara. Kuma ka tambayi gwaggonka da mazajen matan ko sun yarda muryarsu ta fita duniya, kar sai abu ya bazu a zo ana jin kunya a dangi. Zumunci yafi faifai tsada ɗana.

Mai tambaya:
Wallahi na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya gwaggo ta sani amma sauran matan ban nemi izini yadda ya kamata ba, zan je da kaina.

Jiya da daddare na yi ƙarfin hali na kira Baba nace masa na gane kiɗan bai bin garma. Yayi shiru, sannan yace to yanzu ka fara ji. Nace ko zai yarda ya riƙe gangar da kansa in na zo da kayan ɗauka, yace hannunsa ba kamar da ba amma in an sa gayya zai fito, ba zai buga wa bango ba, sai da manoma a gabansa. Akwai gayyar huɗa da ake sa ran yi a gonar kawuna in damina ta yi nisa, kenan maganar saki bayan sallah ta tashi. Waƙa huɗu zan sake, firi da maimai da huɗa da girbi, algaita ta koma waƙar kaka yadda Ɗan Ƙaura yace, ta daka kuma tana nan yadda take.

Yaya Baban Walida abin da ke damuna yanzu iska ce, gonar fili ce fetal ba bishiya sai ƙirya ɗaya, kuma ba wuta, makirfo biyu kawai gareni. Me zan rufa musu, kuma a ina zan tsaya da su tunda masu kiɗan tafiya suke suna bin manoma?

Baban Walida:
Soso kaɗai ba zai tare iskar damina ba, ka nemi irin rigar makirfo mai gashi, in baka samu ba tela zai ɗinka maka da yadin gashi na 'yar tsana. Ku fara da sassafe kafin iska ta taso. Ɗaya ka ɗaura a doguwar gora wani ya riƙa bin Baba da ita ta gefen da iska ke bayansa, ɗayan yana wajen 'yan amshi. Ina da rakoda mai batir da makirfo biyu da bana amfani da su sosai, in an sa ranar ka sanar da ni da wuri, in ba aiki a gabana ni zan riƙe gorar.