Zan tafi Japan kwas ɗin noman shinkafa, me zan shirya tun daga gida?

Ɗan Fadama, Auyo:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar duk wanda ya taɓa zuwa Japan ko yake da wani nasa a can. Ni malamin gona ne a nan yankin Auyo, cikin ikon Allah sunana ya fito a waɗanda za su je kwas ɗin noman shinkafa a cibiyar JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, da ke garin Tsukuba, tafiyar wajen watan Maris ce kuma za mu zauna har a yi girbi. To ni gaskiya iyakacina Abuja, ban taɓa hawa jirgin sama ba. Fasfo dai na yi a Dutse ya fito alhamdulillahi. Tunda labari ya shiga gida Inna ta hana kanta sakat, ta aika Haɗeja a yo mata kilishi, ta ce za ta yi min dambun nama cike da bokitin fenti, maiɗakina kuma tana ta dakan yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, Kawu ya ce goro ƙwarya guda yana wuyansa. Abin da ya fi damuna abinci da sallah ne, sai kuɗi, sai kayan sawa don an ce min akwai sanyi. Wanda ya sani ya taimaka min don Allah.

Na Kadawa:

Wa alaikumus salam Malam, barka da arziki, Allah ya sa a je a sa'a. Ni na yi wata shida a can, bari in fara da abin da zai fi yi maka ciwo, ka je ka zauna da Inna tun yau ka ba ta haƙuri, kilishin nan da dambun nan ba za su shiga Japan ba. Nama kowane iri, ɗanye ko busasshe ko soyayye, ko da an liƙe shi a leda daga kamfani, dokarsu ta hana shiga da shi, kuma hukuncin ba wasa ba ne, tara har yen (kuɗinsu) miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. A filin jirgin saman Narita wajen da ake jiran akwatuna akwai wasu ƙananan karnuka da suke zagayawa suna sunsuna kaya, na ga ɗaya ya je ya zauna gefen jakar wata mata ya ƙi tashi, aka buɗe ashe guntun burodi ne mai nama da ta rage daga cikin jirgi. To ina ga kilishin Haɗeja da ƙamshinsa yake cika ɗaki. Ku cinye shi a gida a yi walimar bankwana da shi.

Goro ma ka haƙura, ɗanyen tsiro ne, irinsu sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga nan. Haka irin shinkafa, na san halinmu malaman gona za ka so ka tafi da 'yar jamila ko faro ka nuna musu, kar ka yi sai in su suka nema kuma suka faɗa maka yadda za a bi. Takalmin gonarka ma ka wanke shi tas, ƙasa ba a shiga da ita. Su yaji da kuka da kuɓewa ka zuba a leda mai haske, ka rubuta sunan kowanne a jiki, in ka sauka ka kai su teburin binciken tsirrai da kanka ka nuna, in sun bari fine in sun karɓe ba ka yi laifi ba. Ɓoyewa ita ce matsala.

Magani kuma ka kula sosai. In kana shan na hawan jini ko siga, na wata ɗaya za ka iya shiga da shi, in ya wuce haka sai ka nemi izininsu tun kafin ka tashi, takardar sunanta Yunyu Kakunin-sho. Ka bar kowane magani a kwalinsa da takardar likita. Maganin tari mai kodin da wasu magungunan mura ka bar su a gida kawai, na gargajiya da aka ƙulle a leda babu suna shi ma haka.

Jirgi babu wanda zai ɗauke ka daga Najeriya kai tsaye, sai an yada zango, ko Addis Ababa ko Doha ko Alƙahira, ka sa rai da kusan kwana guda a hanya. Suna gabanmu da awa 8, in ka idar da asuba a can mutanen gida ba su daɗe da yin isha'i ba, sai ka tsara lokacin kiran Inna. Kafin ka tashi ka cike Visit Japan Web, shafin bayanan masu shiga ƙasar, a wayarka ka ɗauki hoton lambar da zai ba ka, kar ka dogara da intanet ɗin filin jirgi. Za su ɗauki hoton yatsunka da fuskarka, kowa ake yi wa.

Maman Walida, Ringim:

Yaya Ɗan Fadama ina taya ka murna. Ƙanena yana karatu a can shekara ta uku kenan, kullum muna waya don haka na haddace matsalolinsa kamar nawa. Maganar abinci, shinkafa dai har sai ka gaji, kifi da ƙwai da kayan lambu duk akwai, inda ake samun matsala romo ne da miya, don taliyarsu da ake ce wa ramen yawanci da ƙashin alade ake dafa romon, sannan suna zuba wata giyar girki mai suna mirin a abinci da yawa, ko burodi da biskit wani da kitsen alade ake yi. Shi abin da yake yi, ya sa manhajar fassara a waya, in ya shiga kanti sai ya haska bayan kwalin da kyamara ta karanto masa abin da ke ciki. Akwai kanti mai suna Gyomu Super da yake sayar da kaza mai tambarin halal, a Tokyo kuma unguwar Shin-Okubo akwai shagunan musulmi da ake samun nama da kayan ƙamshi.

Abu ɗaya da ya ce in faɗa wa duk Bahaushen da zai je, kalmar buta a yarensu alade take nufi. Wlh da gaske nake. Don haka kar ka tsaya gaban mutum kana neman buta za ka yi alwala, ka sayi 'yar ƙarama ta roba ka jefa a akwati, ko ka yi amfani da gorar ruwa. Tsarki ba wahala tunda yawancin banɗakunansu suna da maɓallin fesa ruwa.

Kayan sanyi kar ka ce rigar hunturunmu ta isa, watan Maris da safe sanyin yana shiga har ƙashi, ka je Kofar Wambai ka samo jibgegiyar riga guda ɗaya mai kyau da safa masu kauri, sauran ka saya a can. Safa kuma masu kyau marasa huji, don cire takalmi ake a ƙofar gida da wasu wuraren cin abinci. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, bayanta zafi mai gumi kamar ka shiga tukunya, to ka tafi da yadinka marasa nauyi. Ka kuma tafi da babbar riga ko kaftani da hula guda biyu masu kyau, ranar taro za ka gode min.

Na Kadawa:

Hajiya ta tuna min sallah. Malam alƙibla a can yamma take, yamma ta ɗan karkata arewa, ranar farko zuciyarka za ta yi ta gardama amma haka ne, Makka tana yammacinsu. Ba za ka ji kiran sallah ba ko sau ɗaya, wayarka ce ladaninka, kuma a watan Yuni alfijir yana ketowa tun kafin ƙarfe uku na dare. Tsukuba akwai masallaci, ka tambayi ɗalibai 'yan Indunusiya ko Bangaladash za su kai ka Juma'a. In ka samu hutu ka hau jirgin ƙasan Tsukuba Express, minti 45 kana Akihabara a Tokyo, ka je ka ga masallacin Tokyo Camii a unguwar Yoyogi-Uehara, ginin Turkawa ne, ni da na shiga na ji karatun liman sai da na yi hawaye saboda kewar gida.

Wutar lantarkinsu volt 100 ce ba 230 irin tamu ba, soket ɗin kuma mai baki biyu ne shafaffu, cajar waya da ta kwamfuta za su yi in an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu, adafta kawai za ka saya, amma dutsen guga da hita ka bar wa maiɗakinka. Naira ba inda za ka canza ta a can, ka je Wapa ka sayi 'yar dala ka riƙe, in ka sauka ka mayar yen. Ka sayi katin Suica ko Pasmo ka dinga loda masa kuɗi, da shi za ka hau jirgin ƙasa da bas har sayayya a kanti. Ba a ba wa ma'aikaci na goro, in ka bar canji a tebur biyo ka za a yi da shi. Cikin jirgin ƙasa ba a amsa waya. Fasfo ko katin zama kullum yana aljihunka, doka ce. In kuma wayarka ta ɗau wata ƙara mai firgitarwa da kanta to girgizar ƙasa ce ke zuwa, ka shige ƙarƙashin tebur ka kare kanka, kar ka ruga waje. 'Yan sanda 110, motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119.

Baffan Yara, Gujungu:

Allah ya tsare hanya ɗana. Ni roƙona ga matasan da suke karanta wannan ne, shi gayyatarsa aka yi da takarda. A 2025 da aka yi ta yaɗa cewa an ba 'yan Najeriya garin Kisarazu kuma za a buɗe biza ta musamman, gwamnatin Japan ta fito ta ce babu wannan maganar, daga baya ma JICA ta janye shirin ƙawance tsakanin garuruwan Japan da ƙasashen Afirka da ya jawo maganar gaba ɗaya, amma ɗan maƙwabcina sai da ya sayar da shanun huɗa biyu ya tura wa wani da bai taɓa gani ba, har yau shiru, bana da jaki da garmar aro suka yi noma. Ofishin jakadancinsu yana Maitama a Abuja, ku duba shafinsu da idonku kafin ku ba kowa sisi.

Ɗan Fadama, Auyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na karanta wa Inna da daddare, ta yi shiru can ta ce to dambun a raba wa almajiran Malam sadaka Allah ya kai ni lafiya, amma yajin kam ta ce sai na tafi da shi ko da za a karɓe. Malam Na Kadawa dan Allah takalmin shiga fadama fa, in sayo a nan ko ana samun lamba 45 a can?