Kuɗin rediyon ƙasa da ake cira a faktir ɗin wuta, zai riƙe gidan nan gaba?

Bagobiri: Salamu alaikum. Tun kafin ORTN, gidan rediyo da tele na ƙasar Nijar, ta koma RTN a 2022 ake cirar kuɗinta cikin faktir ɗin NIGELEC, kamfanin wutar lantarki. Yau ga gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da Saraounia, ga WhatsApp a aljihun kowa. Har yanzu akwai dalilin biya? In akwai, wace hanya ce za ta ɗore?

Mai Eriya: Wa alaikumus salam, Malam. Dalili na nan. Gidan mai zaman kansa talla yake bi, talla kuwa birni take. Manomin da ke bayan Dakoro yana jiran hasashen damina da farashin gero, ba mai sayen filin rediyo don shi.

Kuma riƙe tasha ba albashi kaɗai ba ne. Na'urar watsa shirye-shirye ta FM mai kilowat 1 tana jan wajen kilowat 1 da rabi. In ta yi awa 18, kilowat-awa 27 ke nan a rana, ban da na'urar sanyaya ɗaki, wadda in ta tsaya a zafin Afrilu sai na'urar ta rage ƙarfi ko ta kashe kanta. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, dole a riƙa wankewa. Da damina, hasumiyar da wayarta mai kai tsawa cikin ƙasa ta yi tsatsa, tsawa za ta ƙone mata kaya. Ga gazuwal na gurup duk sa'ad da layin wuta na Katsina zuwa Gazawa ya ɗauke.

Hajiya Ta Tibiri: Gaskiya ne, Malam. Matsalar faktir ita ce mai kwantar wuta kaɗai ke biya, alhali yawancin masu saurare suna ƙauye da rediyo mai batir. Duk wanda ya koma hasken rana ya fita lissafi.

Ɗan Katsinawa: Faransa ta soke nata harajin tele na yuro 138 a shekara a 2022, ta koma ɗiba daga TVA, harajin da ake ɗorawa kan kayan saye. Jamus kowane gida yuro 18,36 a wata, ko da tele ko babu. Ingila ma ana muhawara, yarjejeniyar da ta tsara aikin BBC za ta ƙare ƙarshen 2027. Ni dai ban yarda a jingina da kasafin gwamnati kaɗai ba, Hajiya, don mai ba ka abinci shi ke faɗa maka abin da za ka faɗa. A bar na faktir, a ƙara ɗan kaso daga kuɗin waya, doka ta yanke rabon tashoshin jihohi, a buga lissafi duk shekara.

Mai Eriya: A fara da farantan hasken rana da batura a tashoshin jihohi. Kuɗin gazuwal sai ya koma wa ƴan jarida su shiga kasuwannin ƙauye.